Na Yanke Hoto Na Ƙara Masa Girma, Ya Yi Dishi-dishi: Tambayoyi da Amsoshi

Da wuya a yi kwana biyu wani bai shigo shagona na hoto da waya a hannu ba, ya buɗe hoton ɗaurin aure ko na walimar sauka, ya sa yatsu biyu ya buɗa wata fuska da ke can layin baya, ya ce, "Wannan nake so a ciro mini, a yi shi babba, ya fito garau." Wani sa'in aikin minti goma ne. Wani sa'in kuma sai na ba mutum kujera na yi masa bayanin da ba zai so ji ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi dawowa, ga kuma amsoshin da nake bayarwa.

Hoton yana da kyau a waya. Me ya sa da na yanke shi na ƙara masa girma sai ya fashe?

Dubi hular zanna da ke kanka. Daga nesa zane kake gani, in ka matso da ita kusa da ido sai ka ga ɗinki ne ɗaya bayan ɗaya, kowanne da launin zarensa. Haka hoton waya yake. Ƙananan ɗigogi ne jere a layi, ana kiran kowanne fiksel, kuma adadinsu a ƙidaye yake tun lokacin da aka danna kyamara.

Yawancin wayoyi suna fitar da hoto mai megafiksel 12, wato fiksel miliyan 12: 4000 a faɗi, 3000 a tsayi. In ka yanke rabin faɗin da rabin tsayin, abin da ya rage a hannunka kashi ɗaya ne cikin huɗu, megafiksel 3. To ina ga fuskar mutum ɗaya cikin mutum ashirin? Sau da yawa ba ta wuce fiksel 150 a faɗi.

Ƙara girma ba ya ƙara abin da kyamara ta gani. Kamar kofi ɗaya na kunu ne ka tuttula masa ruwa don ya ishi mutum biyar: kwano zai cika, amma kunun ya tsinke. Manhajar tana duba fiksel biyu da ke maƙwabtaka ta cike tsakaninsu da launin da take zato, shi ya sa gefen ido da bakin hula suke narkewa.

Duk dishi-dishi iri ɗaya ne?

A'a, kuma sai an gane ciwo ake ba da magani. Buɗe hoton a ainihin girmansa, wato kashi 100 cikin 100, ka duba da kyau.

In kana ganin ƙananan murabba'ai kamar tayil, gefen abubuwa kuma ya yi kamar matakala, ƙarancin fiksel ne. In komai ya ja zuwa gefe ɗaya kamar an shafa ɗanyen fenti da hannu, hannun mai ɗauka ne ya motsa, ko wanda ake ɗauka. In bangon da ke baya ya fito rau amma fuskar ta yi laushi, kyamara ce ta saita idonta a kan bango. In kuma hoton ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi, a duhu aka ɗauke shi. Akwai kuma tabon matsi: tsarin ajiye hoto na JPEG, wanda aka kafa tun 1992, yana raba hoto gida-gida, fiksel 8 sau 8, ya zubar da wasu bayanai don fayil ya yi ƙanƙanta. In an matse da yawa, gidajen nan sukan bayyana a fili, musamman a kan sararin sama ko farar shadda.

Na ƙarshe shi ne wanda aka fi rainawa: gilashin kyamara mai maiƙon yatsa ko ƙurar hunturu. Hoton sai ya yi fari-fari kamar an ɗauke shi cikin hazo.

Hoton da aka yanke daga taro yakan haɗa biyu ko uku cikin waɗannan a lokaci guda.

To me zan fara yi?

Ka nemo hoton asali. Kafin manhaja, kafin kwamfuta, kafin ka biya kowa ko sisi. Wannan ne matakin da ya fi kowanne amfani, kuma shi ne mutane suka fi ƙyuyar yi.

Yawancin hotunan da ake kawo mini sun bi ta WhatsApp, wasu sun bi sau uku ko huɗu, daga zauren dangi zuwa na abokai. In aka tura hoto ta hanyar da aka saba, WhatsApp yakan rage shi zuwa kusan fiksel 1600 a gefensa mafi tsawo, ya kuma matse shi. Fuskar nan da take da fiksel 150 ta koma 60 ke nan. Facebook ma yana matsewa. Mafi muni shi ne skirinshot ɗin sitatus, domin abin da ka ɗauka iyakar girman allon wayarka ne, kuma ƙananan wayoyi da yawa faɗin allonsu fiksel 720 ne kacal.

Saboda haka ka bi sawu. Wa ya tura maka? Shi kuma wa ya tura masa? A wayar wa aka ɗauka? In mai hoto aka ɗauko a bikin, mai yiwuwa fayilolin suna nan a kwamfutarsa ko katin memori, kuma nasa ya fi na kowa nauyi. In ka samu mai asalin, ka roƙe shi ya turo a matsayin fayil, ta wurin da aka rubuta Document, domin ta nan hoton yana zuwa yadda yake. Maɓallin HD da WhatsApp ya kawo a 2023 ya fi hanyar da, amma shi ma yana ɗan matsewa. Imel, kebul, Xender ko Google Drive duk suna kawo shi cikakke.

Hanya mai sauƙi ta ganewa: duba nauyin fayil. Hoton asali daga waya yakan kai megabait 2 zuwa 5. In naka kilobait 80 ne, ka san an riga an tatse shi a hanya.

Kar ka manta da tambayar ko akwai wani hoton na wannan rana. A biki waya goma ce take ɗauka, kuma ba wuya a samu wadda ta fi kusa.

Fiksel nawa nake bukata in zan wanke hoton?

Ma'aunin masu wanke hoto shi ne fiksel 300 a kowane inci, ga hoton da za a riƙe a hannu. Da wannan lissafin, ƙaramin hoto mai inci 4 da 6 yana son 1200 sau 1800. Mai inci 5 da 7 yana son 1500 sau 2100. Na firam mai inci 8 da 10 yana son 2400 sau 3000, takardar A4 kuma 2480 sau 3508.

Sai dai abin da za a rataye a bango ba a manna masa ido, don haka rabin wannan adadi ma yana wadatarwa. Allon talla na bakin titi ana buga shi da ƙasa da haka nesa ba kusa ba, tunda daga tsallake ake kallonsa.

Yanzu ka auna da naka. A ce kai da kafaɗun mutumin fiksel 150 ne a faɗi, kana son firam mai inci 8. Sai an ninka faɗin sau 16, tsayin ma sau 16. Kowane fiksel ɗaya na gaskiya zai zama 256, wato 255 zato ne. Ninki biyu yakan fito lafiya. Ninki huɗu yana yiwuwa in asalin mai tsabta ne. Daga nan gaba, ni dai nakan ba da shawarar a rage girman firam ɗin.

Ina da kwamfuta. Wane tsari zan bi?

Jerin matakan yana da muhimmanci, domin in ka kaifafa kafin ka tsabtace, dattin za ka kaifafa.

Fara da kwafe fayil ɗin ka ajiye asalin gefe, kar ka taɓa shi. Yanke da sauran fili, ka bar kafaɗu da ɗan bango. Sai ka rage yashin duhu da tabon matsi, amma da sauƙi, don in ka cika hannu fata za ta koma kamar roba. Bayan nan ne za ka ƙara girma, sau ɗaya, kai tsaye zuwa girman da kake so. A Photoshop, cikin Image Size, zaɓi Preserve Details 2.0 ko Bicubic Smoother. Wanda yake da Lightroom ko Camera Raw yana da Super Resolution, wanda Adobe ya fitar a 2021, yana ninka faɗi da tsayi sau biyu. GIMP, wata manhajar gyaran hoto irin Photoshop, kyauta ne, kuma a cikinsa Cubic ko NoHalo suna aiki da kyau. Guji Nearest Neighbor, shi ne mai fito da tayil ɗin nan.

Daga nan ka gyara haske da bambancin fari da baƙi. Mutane suna mamakin yadda wannan kaɗai yake sa hoto ya zama kamar an wanke masa fuska, musamman wanda hazo ko maiƙo ya dusashe.

Kaifafawa ce ta ƙarshe, da Unsharp Mask da ke cikin Photoshop ko GIMP. Nakan fara da Radius tsakanin 1 da 1.5, Amount wajen 80, in ɗan ɗaga Threshold don kar ya taɓa fatar kumatu. Da zarar ka ga wani farin zare ya fara zagaye hula ko kunne, ka wuce gona da iri, koma baya. Ka sani kuma wannan ba sabon bayani yake kawowa ba, gefen da ke akwai yake ƙara wa duhu ta nan da haske ta can, ido ya ga kamar ya fi fitowa.

Ajiye aikin a tsarin PNG ko TIFF, waɗanda ba sa zubar da bayanan hoto. In dole sai JPEG, sa inganci 90 ko sama, kuma sau ɗaya. Duk lokacin da aka gyara JPEG aka sake ajiyewa, sai ya ƙara zubar da wani abu.

Waya kawai gare ni.

Snapseed na Google kyauta ne. Shiga Details, ka ɗaga Structure da Sharpening kaɗan-kaɗan, sannan ka gyara haske a Tune Image. Ba ya ƙara yawan fiksel, amma ga hoton da za a sa a sitatus ko fuskar WhatsApp yakan isa. Google Photos ma yana da Unblur, wanda ya fara zuwa da wayar Pixel 7 a 2022, yana taimaka wa hoton da ya ɗan girgiza.

Amma ai Remini da ire-irensa suna mayar da hoto garau cikin daƙiƙa biyar. Ba shi ke nan ba?

A nan nake so a saurare ni da kyau. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira, wato AI, irin su Remini, Topaz Gigapixel da Upscayl, ba tono fuskar da ta ɓace suke yi ba. An horar da su da tarin hotunan mutane masu ɗimbin yawa, sun koyi yadda ido da gira da haƙori suka saba kasancewa. In ka ba su fuska mai dishi-dishi, sai su zana wata fuska mai kaifi wadda za ta iya dacewa da wannan dishi-dishin. Fuskoki da yawa kuwa suna iya dacewa da shi.

In asalin yana da isasshen bayani, misali fuska mai fiksel 300 ko 400 da ta ɗan yi laushi, zaton yakan faɗa kusa da gaskiya, kuma sakamakon yana da kyau ƙwarai. Ina amfani da su a irin wannan. In asalin fiksel 50 ne, abin da zai fito zane ne.

A 2020 wani ya ɗauki hoton Barack Obama da aka rage wa fiksel, ya sa shi a wata manhajar bincike mai suna PULSE da aka ƙirƙira a Jami'ar Duke ta Amurka. Fuskar da ta fito ta wani Bature ce. Kowa ya kalli mai dishi-dishin zai gane Obama ne, amma manhajar ta karkata zuwa irin fuskokin da ta fi gani lokacin horo. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A 2023 kuma wani ya dusashe hoton farin wata da gangan, ya buɗe shi a allon kwamfuta, ya ɗauka da wayar Samsung daga nesa, sai wayar ta fito da ramukan wata waɗanda babu su a allon.

Na ga irin wannan da idona. Wani matashi ya kawo hoton mahaifinsa da ya rasu, an ciro shi daga hoton ɗaurin aure, ya riga ya bi da shi ta wata manhaja a waya. Hoton ya yi kyau: ido na ƙyalli, gemu a tsare, fata sumul. Na wanke masa, ya sa a firam ya tafi. Washegari ya dawo da firam ɗin a leda, ya ce mahaifiyarsa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan ba Malam ba ne." Da muka jera shi da na asalin muka ga dalili. Marigayin yana da bille a kumatun hagu, manhajar ta ɗauke shi a matsayin datti ta goge. Ta ɗan haskaka fatarsa, ta kuma daidaita idonsa ɗaya da ya ɗan fi ɗayan ƙanƙanta. Zanen hularsa ma ya koma wani abu da babu maɗinkin da ya taɓa ɗinka shi.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo irin wannan aiki sai na jera masa biyun a allo, na ce ya duba tsaga ko bille, wushirya, tabon sallah, siffar kunne da hanci, zanen lalle, da rubutun jikin riga.

To hoton marigayi ne, kuma shi kaɗai muke da shi. Yaya za mu yi?

Allah ya jiƙansa da rahama. Ga abin da na ga yana aiki.

Kar a matse yankan a kan fuska. A bar shi da mutanen da ke gefensa, ko a yanka daga ƙugu zuwa sama, sai ninkin da ake bukata ya ragu. A zaɓi ƙaramin firam, inci 5 da 7 maimakon babba. In launukan sun dagule, mayar da shi fari da baƙi yakan ɓoye tabon matsi, ido kuma ya fi yafe wa irin wannan hoto laushinsa. Takarda marar ƙyalli ta fi mai ƙyalli rufa asiri.

In za a yi amfani da ƙirƙirarriyar basira, a ɗora sakamakonta a kan na asalin a Photoshop ko GIMP, a rage ƙarfinta zuwa kashi 30 ko 40 cikin 100, a goge ta gaba ɗaya daga wurin da ta canza kama. Kafin a wanke, a nuna wa wanda ya fi kowa sanin fuskar. A wurina hoto mai ɗan laushi wanda iyali za su kalla su ce shi ne ya fi mai kaifin da sai an yi musu bayani.

Kyamarar tsaro ta ɗauki motar ɓarayi. Za a iya fito da lambar?

In lambar ta cinye fiksel goma ko sha biyar kawai a faɗi, haruffan ba su shiga kyamara ba, babu kuma mai fito da su daga hoto ɗaya. Manhajar ƙirƙirarriyar basira za ta iya ba ka lamba mai karantuwa, amma ƙirƙirarta ta yi, kuma tana iya zama lambar wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Haka fuskar wanda ake zargi. A 2024 wani alƙali a jihar Washington ta Amurka ya ƙi karɓar bidiyon da aka gyara ta wannan hanya a matsayin shaida a shari'ar kisa.

Abin da ke da amfani shi ne ainihin bidiyon daga na'urar da ke adanawa, a kwafe shi a filashi, ba a ɗauki allon talabijin da waya ba. A bidiyo motar tana motsi, kowane firem, wato kowane hoto ɗaya cikin jerin hotunan da suka haɗu suka zama bidiyon, yana kama lambar ta ɗan wani gefe daban, kuma masana suna iya haɗa firem da yawa su samu abin da ɗaya bai nuna ba. A yi hanzarin kwafewa, domin na'urorin nan suna goge tsohon bidiyo da kansu in wuri ya cika.

Hoton da hannu ya girgiza fa?

Wannan ya fi ƙarancin fiksel fatan gyaruwa, domin hasken ya shiga kyamara, shafuwa kawai ya yi. In an gano ta wace fuska ya shafu da kuma nisan shafuwar, akwai lissafin da ke tattaro shi. Da aka harba na'urar hangen taurari ta Hubble a 1990 aka tarar madubinta yana da aibi, da irin wannan lissafi, wanda wasu masana biyu, Richardson da Lucy, suka samar a 1972 da 1974, masana suka riƙa gyara hotunanta har zuwa Disamban 1993 da 'yan sama jannati suka je suka gyara ta. Smart Sharpen na Photoshop yana da zaɓin Motion Blur mai aiki da makamancin wannan tunani. Yana maganin ƙaramar girgiza. In fuska ta zama biyu, ko WhatsApp ya riga ya matse hoton, sakamakon yakan cika da layuka kamar igiyar ruwa.

Zan iya ciro fasfo daga hoton taro in gyara shi don biza ko fom?

Kar ka yi. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka, misali, ta ce kada a sauya hoton fasfo da manhaja ko ƙirƙirarriyar basira, kuma hoton bizarsu na intanet ba ya gaza fiksel 600 sau 600. Tsaya jikin farin bango da safe, inda haske yake bugun fuska, a ɗauke ka sabo. Minti biyu ne.

Tsohon hoto ne na takarda, na cikin album.

A sa shi a sikana, a saita ta a fiksel 600 a kowane inci, ko 1200 in ɗan ƙarami ne irin fasfo. Hoto mai inci 4 da 6 a 600 zai ba ka fiksel 2400 sau 3600, ka ga akwai wurin yanka. In babu sikana, cire shi daga leda ko gilashi, shimfiɗa shi a inuwa kusa da ƙofa, kashe filasha, riƙe wayar daidai samansa ba a karkace ba. PhotoScan na Google yana taimakawa wajen kawar da ƙyalli. In nagetif ɗin yana nan, shi ya fi takardar bayani.

Ina tsoron ɗora hotunan iyalina a waɗannan manhajoji.

Tsoronki yana kan hanya, Hajiya. Yawancin manhajojin waya masu gyaran fuska ba a cikin wayar suke aikin ba, tura hoton suke yi zuwa kwamfutocin kamfanin ta intanet, shi ya sa ba sa aiki in babu data. Hoton amarya, na yara, ko na wata da ba ta ba ki izini ba, a yi tunani kafin a tura. Upscayl kyauta ne kuma a cikin kwamfuta yake aikinsa, hoton ba ya fita, sai dai yana son kwamfuta mai katin zane, wato graphics card, mai ɗan ƙarfi. In kuma shago kika kai, ki ce a goge fayil ɗin a gabanki bayan an gama.

Yaya zan kauce wa wannan a gaba?

Matsa kusa da ƙafarka. Buɗa allo da yatsu kafin ɗauka, a yawancin wayoyi, yanka ne da ƙara girma tun a cikin kyamara, sai fa wayar da ke da ido na musamman na nesa, mai alamar 2x, 3x ko 5x. Goge gilashin da gefen riga mai laushi. Taɓa fuskar a allo don kyamara ta saita a kanta. Bari haske ya zo daga bayanka, ka dafe gwiwar hannu a jikinka, ka ɗauka sau uku.

In wayarka an rubuta mata megafiksel 48, 50 ko 108, ka sani a saitin yau da kullum tana haɗa fiksel huɗu ko tara su zama ɗaya, ta ba ka wajen 12. Da rana a fili, in ka san za ka yanka daga baya, kunna cikakken adadin a saitin kyamara. Da dare bar shi yadda yake, haɗin ne ke rage yashin duhu.

A taron dangi kuma, bayan an gama hoton gayya, ka bi dattawan gida ɗaya bayan ɗaya ka ɗauki kowa shi kaɗai, daga ƙirji zuwa sama, a inuwar zaure ko gindin bishiya. Ka adana fayilolin a wuri biyu, ɗaya a wajen wayar, ka kuma tura wa wani ɗan'uwa ta Document a ranar.